Gaudenzio Mai Laima da Awa Uku a Cikin Bado

Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyen Gignese da ke kan dutse ya san Gaudenzio Mai Laima. Ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, domin tun daga kwanar coci ake jiyo ta. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran laima a wani ɗan shago mai taga ɗaya, tagar kuwa tana kallon tafkin Maggiore can ƙasa. Wannan tagar ce ta jawo komai. Kallon ruwa daga kan dutse safe da yamma ya sa ya yarda a ransa cewa shi matuƙin jirgi ne, gyaran laima tsautsayi ne kawai ya faɗa masa.

"Kakana," haka yake cewa duk wanda ya kawo gyara, "da hannu ɗaya yake tuƙa kwalekwale daga garin Stresa har ƙarshen tafkin nan, ɗaya hannun yana cin burodi. Jinin nan ne a jikina."

Matarsa Piera ba ta musa masa, don ba ta da lokacin musu. Tana da abubuwan tsoro da suka ishe ta: iskar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ta bugi wuyan mutum, fita da jiƙaƙƙen gashi, kwana ba singileti, da babbansu duka, shiga ruwa bayan an ci abinci kafin awa uku ta cika. Wannan kuwa ba abin dariya ba ne. Kowace uwa ta san abincin yakan tsaya cak a ciki, mutum ya yi fari, sai dai a ji labari. Ɗan ƙanwar maƙwabciyar gwaggon Piera haka ya kusa tafiya, kuma shi ayaba ɗaya kawai ya ci.

To, 'yarsu ɗaya tilo, Loredana, ta sami wanda take so, wani malamin makaranta mai suna Saverio, mutumin kudu, yaro mai kunya da ladabi. Matsalar ɗaya ce. Kakarsa ce ta rene shi, Kaka Assunta, kuma zoben gidansu na wajenta, a ƙulle cikin hankici, a cikin rigarta. Saverio ya rantse ba zai yi aure ba sai da zoben nan. Sau biyu yana kawo mata yarinya, sau biyu tana zuwa ta duba gidan su yarinyar, ta koma kudu da zobenta ba ta ce uffan ba. Yanzu ga shi ta aiko cewa za ta zo ranar Asabar da safe, ta koma a jirgin ƙasan ƙarfe biyar da rabi na ranar Lahadi.

Piera ta wanke labule, ta sake wanke su. Ta roƙi mijinta abu ɗaya.

"Maigida, don Allah, kwana biyu ne kacal. Mu ba ta abinci, mu kai ta coci, mu raka ta tasha. Kai kuma ka yi shiru."

"Shiru?" in ji Gaudenzio. "Baƙuwa ta zo tafkina in yi shiru? Ke dai ba ki san mutanen kudu ba. Teku gare su, raina tafki suke yi. Sai na nuna mata cewa 'yata 'yar ruwa ce, jikar matuƙa." Ya zaro takarda daga aljihu. "Tsibiri uku, gidajen attajirai biyu, lambu bakwai. Ni zan ja gaba."

Piera ta zauna a kan kujera, ta yi tagumi.

Ranar Asabar Kaka Assunta ta sauko daga jirgi, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin baƙaƙen kaya, carbi a hannu, jaka a hammata. Ta dubi takalmin Loredana, ta dubi faratan Piera, ta dubi cikin Gaudenzio. Ta ce, "Hm." Iyakar gaisuwarta ke nan.

A bakin ruwa suka tarar da Ermanno, mai jirgin fito, wanda suka yi makaranta tare da Gaudenzio, kuma tun lokacin bai daina tsokanarsa ba.

"A'a! Kyaftin da kansa! Yau ruwan sama za a yi ne, ka sauko daga dutse?"

"Tuƙa mu kai dai, Ermanno. Kuma ka bi ta dama, hagu akwai duwatsu."

"Shekara arba'in ina bi ta hagu, mutumina. Duwatsun ranar Asabar ake fito da su?"

Suka sauka a Tsibirin Bado, inda tsohon gidan wasu attajirai, su Ravizzotti, yake, mai lambu hawa-hawa har bakin ruwa. Akwai wata yarinya mai zagayawa da baƙi, amma Gaudenzio ya ce ba sa buƙata. Ya ɗora babbar farar laimarsa a kafaɗa kamar bindiga, ya shiga gaba. Kowane gunki ya san wanda ya sassaƙa shi, kowace bishiya ya san wanda ya dasa ta. Har wasu baƙi suka baro yarinyar suka biyo shi, abin da ya ƙara masa ƙarfin murya ke nan. A bayan wata katanga ya tsaya gaban wasu dogayen tsirrai masu fararen kawuna zagayayyu, ya ɗaga hannu.

"Wannan, Kaka, ki duba da kyau. Sarkin Sin ne ya aiko da irinsa, a cikin akwatin zinariya. Duk duniya wuri biyu yake fitowa, nan da fadarsa."

Wani dattijo ya miƙe daga bayan katangar, fartanya a hannu. Tarcisio ne, mai kula da lambun.

"Bawan Allah, albasar matata ce. Na bar ta ta yi iri. Kuma ka sauka daga kan kunyar, kana taka mini latas."

Baƙin suka koma wajen yarinya. Kaka Assunta ta ja carbi ɗaya. Piera ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige.

Da suka hau hawa na sama rana ta yi zafi. Gaudenzio ya ga dama ta samu ta gyara sunansa. Ya matso kusa da Kaka, ya buɗe farar laimar nan fau, don ya yi mata inuwa. Ashe babban farin ɗawisun gidan yana nan gefe da matansa. Shekara goma ba wanda ya taɓa baza farin bindi a gabansa. Ya dubi laimar, ya baza nasa, ya yi wata ƙara kamar an taka mage.

"Kun gani?" in ji Gaudenzio. "Gaishe ni yake. Ya san ni."

Bai rufe baki ba ɗawisu ya taso. Gaudenzio ya kare kansa da laima, abin ya ƙara ɓata wa ɗawisu rai. Suka zagaya maɓuɓɓugar ruwa sau biyu, suka gangara matakala, Piera na ihu, "Rufe laimar! Rufe laimar!" Gaudenzio na ihu, "Ta maƙale!" Mai gyaran laima shekara talatin da huɗu! A ƙasan matakala ya yi karo da wata tukunyar lemun tsami wadda ta girme shi, tukunyar ta rabe biyu, lemo ya bi hanya yana gangarawa har cikin ruwa.

Tarcisio bai yi faɗa ba. Ya dubi tukunyar, ya dubi Gaudenzio, ya daɗe yana dubansa, irin duban mai ajiya a zuci.

Sauran lambuna shida ba a je ba.

Washegari bayan coci, Piera na ta lallaɓa Kaka da kofi, sai ga Gaudenzio ya shigo da hular matuƙa a kansa, wadda Allah kaɗai Ya san inda ya samo ta.

"Jiya laifin Ermanno ne," ya ce. "Jirgin inji yana ruɗa tsuntsaye. Yau da hannu za mu tuƙa, kamar kakana. Na ari kwalekwale. Mu je ƙaramin tsibirin can, mu ci abincin rana a kan ciyawa, ƙarfe huɗu muna tasha."

"Baba," in ji Loredana, "yaushe rabonka da riƙe filafili?"

"Jini ba ya mantuwa, 'yata."

Piera ta buɗe baki za ta hana, sai Kaka Assunta ta miƙe ta ɗauki jakarta. Shi ke nan. Piera ta haɗa kwando biyu na abinci, rigar sanyi biyar, mayafin wuya biyar, da maganin sauro.

Ermanno na zaune a kan gadar jirage lokacin da suke shiga.

"Kyaftin, an ce baya ake ba hanya in ana tuƙi."

"Wannan tuƙin matsorata ne. Namiji yana kallon inda za shi."

"To, madalla. Ka dai dawo kafin ƙarfe ɗaya, ka san iskar kudu ba ta makara."

"Iska ta san ni, na san ta."

Gaudenzio ya tsoma filafilai ya ja. Kwalekwale ya juya ya dawo gaban Ermanno.

"Sannu da dawowa! Yaya tsibirin?"

Ya sake ja. Ya sake dawowa. Tsofaffin da ke zaune a benci suka fara ƙirga da ƙarfi. A na huɗu Saverio ya ce a hankali, "Baba, ko in taya ka?" Gaudenzio ya ce baƙo ba ya tuƙi a tafkinsa, gwada nauyin jirgin yake. A na shida sai sauran iskar safe ta tausaya musu, ta tura su tsakiyar ruwa. Gaudenzio ya ɗaga wa benci hula.

Tsakar rana ta wuce ba su kai ko rabin hanya ba. Piera ta ga Kaka na duban kwando, ta ce gara a ci a nan, kada abinci ya huce. Ta shimfiɗa tawul a tsakiya, ta fito da tuwon masara da narkakken cuku, soyayyen kifi, gasasshiyar taliya da ƙwai, wake da man zaitun, da kek na gyaɗar dutse. Ta cika wa kowa faranti, ta miƙa wa mijinta nasa can baya. Kaka Assunta ta ci, ta ƙara, ta goge farantin da burodi. Ba ta ce ya yi daɗi ba, amma Piera ta ɗan ji numfashinta ya dawo. Ƙarfe ɗaya da rabi daidai aka gama. Piera ta duba agogo, kamar yadda kowace uwa take yi in an ci abinci kusa da ruwa.

Duk tsawon cin abincin nan Gaudenzio yana kan labarin kakansa. Da ya kai wajen tuƙi da hannu ɗaya sai ya miƙe don ya nuna. Ya saki filafilin hagu. Filafili ya zame ya tafi abinsa.

"Kada kowa ya motsa! Dabara ce da ita."

Ya miƙa na dama don ya jawo na hagu. Na dama ya bi ɗan'uwansa. Suka tafi tare gefe da gefe kamar ango da amarya.

A daidai lokacin iskar kudu ta iso, ba ta makara ba.

"Yauwa!" in ji Gaudenzio. "Ita nake jira. Filafili na masu koyo ne." Ya ɗauko farar laimar, wadda ya kwana yana ɗinke yagar da ɗawisu ya yi mata, ya buɗe, ya tsaya a gaban jirgi. Gaskiya sun yi gudu. Har Loredana ta yi dariya. Sai dai ba inda suka nufa iskar ta nufa ba. Tsibirin Bado ne yake ta girma a gabansu, da katangarsa ta dutse.

"Baba, katanga!"

"Na gan ta. Anga!"

Ya rufe laima da ƙyar, ya ɗauki anga, ƙarfen da ake tsayar da jirgi da shi, ya wurga can gaba. Igiya ta bi shi, tana warwarewa, tana warwarewa, har ƙarshenta ya zo ya wuce ta gefen ƙafar Kaka ya faɗa ruwa, tsulum. Ba a ɗaure take ba.

Kowa ya juyo ya dubi Gaudenzio.

"Kun ga zurfin wurin nan?" in ji Gaudenzio. "Igiya gaba talatin ya haɗiye bai ƙoshi ba. Nan ne wuri mafi zurfi a duk tafkin. In an jefa hasumiyar cocinmu a nan, ko zakaran ƙarfen da ke samanta ba za a gani ba."

Allah Ya taimaka ba su kai ga katanga ba. A gaban gidan akwai wani lungu da bado ya rufe ruf, ganye kan ganye, ba a ganin ko ɗigon ruwa. Kwalekwale ya kutsa ciki, saiwoyi suka riƙe shi, ya tsaya cak. Tsakaninsu da matakalar gidan bai fi taku ashirin ba. A saman katanga kuwa baƙin Lahadi ne cike, sun fito daga wurin cin abinci suna shan iska. Kai ɗaya ya leƙo, sai goma, sai hamsin.

Tarcisio ya fito ya tsaya a kan matakala. Ya gane hular, ya gane laimar.

"Kai ne kuma? Jiya lemona, yau badona?"

Ba a jima ba Ermanno ya iso da jirginsa, ya tsaya a bakin bado yana share hawayen dariya. Tarcisio ya ɗaga masa fartanya.

"Inji ba ya shiga nan! Shekara ashirin ina renon badon nan. Ka yanka mini saiwa ɗaya, in yanka maka kunne."

Ermanno ya wurga igiya, ba ta kai ba. Ya sake, ba ta kai ba.

Loredana ta dubi agogo, idonta ya cika da ƙwalla. Saverio ya ga haka, sai ya miƙe ya fara cire riga.

"Zan yi iyo in kamo igiyar. Minti biyu ne."

Piera ta san abin da ke gabanta sarai. In yaron nan ya kamo igiya, za su fita da sauran mutunci, Kaka ta sami jirginta, wataƙila ma zoben ya fito. In kuwa suka zauna a nan kamar agwagin roba, duk tafki na kallo, an gama. Amma ta ga tuwon masara faranti biyu da ya ci, ta ga cuku, ta ga wake. Kafin ta san abin da take yi ta riga ta cafke bel ɗinsa da hannu biyu.

"Zauna! Ba inda za ka."

"Mama, don Allah!" in ji Loredana.

"Ƙarfe ɗaya da rabi muka gama. Yanzu biyu da kwata. Sai huɗu da rabi."

"Mama, jirgin Kaka!"

"Jirgi ya tafi. Auren ma ya tafi in zai tafi. Ɗan mutane ba zai mutu a hannuna da tuwona a cikinsa ba. Mayar da rigarka, iska na bugun ƙirjinka."

Daga saman katanga wani mai ƙaton gashin baki ya yi kira, "Me ya hana saurayin shiga?"

"Yanzu ya ci abinci!" in ji Piera.

Duk katanga ta ce, "Aaa," irin ta mutanen da suka fahimta. Wata mata mai jar hula ta leƙo.

"'Yar'uwa, me kuka ci?"

Piera ta lissafa mata da ƙarfi, tun daga tuwo har kek.

"Da cuku? Awa uku, ba ragi!"

"Biyu ta isa," in ji mai gashin baki. "Likitana ya ce biyu."

"Likitanka yana da 'ya'ya?"

"Da wake fa ta ce! Wake uku da rabi ne!"

Nan fa katanga ta rabu biyu, 'yan awa biyu da 'yan awa uku, har wani miji da mata suka daina magana da juna. Loredana ta roƙi Ermanno ya shigo shi. Ermanno ya shafa cikinsa ya ce shinkafa da kifi ya ci ƙarfe ɗaya, yana da iyali. Aka dubi Tarcisio. Ya ce matarsa ta yi miyar albasa, kwano biyu ya sha. Kaf tsibirin nan, ranar Lahadi ce, ba mai cikin da babu kaya.

"Kaico!" in ji Gaudenzio da ƙarfi yadda katanga za ta ji. "Da ban ci abinci ba, da tuni na yi nutso na kamo igiyar da haƙori. Ni da na taɓa ƙetare tafkin nan da iyo cikin hunturu! Amma doka doka ce."

Suka zauna. Piera ta ɗaura wa kowa mayafin wuya. Kaka Assunta na jan carbi, fuskarta kamar ƙofar da aka kulle. Loredana ta juya wa uwarta baya. Ƙarfe uku ta yi, uku da rabi ta yi. Mutanen katanga ba wanda ya tafi, wasu har kujeru suka jawo. Gaudenzio na ta ba su labarin ƙaton kifin da ke zaune a ramin da ke ƙarƙashinsu, mai haɗiye karnuka.

Piera in hankalinta ya tashi sai ta yi aiki. Ta fara tattara faranti. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta duba kwando, ta duba ƙarƙashin tawul. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin bencin da mijinta ke zaune. Ga faranti na biyar, an rufe shi da hankici. Ta jawo shi. Tuwo na nan yadda ta zuba, kifi na nan da idonsa, ko cokali ba a sa ba.

Ta miƙe a hankali da farantin a hannu.

"Gaudenzio. Mene ne wannan?"

"Wannan... ƙari ne. Na biyu ne."

"Faranti biyar na zuba. Ba ka ci ba."

"Na ɗanɗana."

"Ba ka ci ba! Tun da muka bar gada fuskarka ta sauya, na ɗauka hular ce ta matse ka. Ashe jiri kake ji!" Ta ɗaga farantin sama, ta juya wajen katanga. Piera da ko a kasuwa ba a jin muryarta. "Jama'a! Wannan bai ci komai ba tun kofin safe!"

Katanga ta ɗauka gaba ɗaya. 'Yan awa biyu da 'yan awa uku suka shirya nan take.

"Shiga! Shiga! Shiga!"

"Kyaftin," in ji Ermanno, "ga igiya, ga haƙoranka."

Gaudenzio ya dubi bado, ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa da ta juyo tana kallonsa da jajayen idanu. Ya matso kusa da Piera, ya yi ƙasa da murya, abin da bai taɓa yi ba tun ranar aurensu.

"Piera, ban iya iyo ba."

"Na sani," in ji ta. "Shekara talatin da ɗaya ina sane. Amma jirgin ƙarfe biyar da rabi ne."

Ya cire agogonsa ya ba ta. Ya cire hula ya ɗora wa Saverio, ya ce ya riƙe masa Loredana amana. Ya ce a gaya wa Gignese ya tafi kamar kakansa. Ya rungume laimarsa, wai ko za ta taso da shi, ya rufe ido, ya faɗa.

Ruwa ya tashi, kwaɗi suka watse. Gaudenzio na kwance rigingine cikin bado yana dukan ruwa da hannu da ƙafa.

"Na tafi! Kifin ya kama ni! Piera, ki yafe mini!"

Tarcisio ya bar shi ya yi ihu son ransa, daidai kuɗin tukunyar lemo. Sannan ya tattara hannu a baki.

"Bawan Allah! Miƙe tsaye!"

"Ina nutsewa!"

"Na ce ka miƙe, kana karya mini fure!"

Gaudenzio ya miƙe. Ruwan ya tsaya masa a gwiwa. Ganyen bado ɗaya na zaune a kan sanƙonsa kamar an gwada masa. Kusa da ƙafarsa ga anga, ga igiya gaba talatin a tare wuri ɗaya cikin laka.

Dariyar da aka yi a katangar nan, an ce har a Stresa an ji. Ɗawisu ma ya hau katanga ya sa baki.

Ba sai an nemi igiyar Ermanno ba. Gaudenzio ya kama hancin kwalekwale ya ja shi da ƙafa, taku ashirin, har matakala, Tarcisio na nuna masa inda zai taka. Piera ba ta yi dariya ba. Tana zaune da farantin a cinya, tana tunanin yadda za ta lallashi 'yarta in an dawo daga tasha.

Sai ta ji an taɓa mata gwiwa. Kaka Assunta ce. Ta sa hannu cikin rigarta, ta fito da hankici, tana kwance ƙullin da haƙori.

"Yarinyar farko da ya kawo mini," in ji Kaka, kuma wannan ne karon farko da suka ji muryarta sosai, "uwarta ta bar shi ya shiga teku bayan ya sha kankana. Ina zaune ina kallo. Ta biyu, gidansu taga biyu suke buɗewa lokaci ɗaya, iska na ratsa shi yana cin abinci." Ta kamo hannun Loredana ta zura mata zoben. "Ke kuwa, 'yata Piera, kin yarda duk garinku su yi miki dariya, ba ki yarda jikana ya jiƙa cikinsa ba. Awa uku kika ce, ba biyu ba. Gidan da aka san awa uku, can zan bar shi."

Loredana ta fashe da kuka, Saverio ya taya ta, Piera ta fi su duka. Katanga ta yi tafi, mai jar hula na gaya wa mai gashin baki, "Ka ji ko? Uku!"

Gaudenzio na tsaye a matakala, laka har ƙugu, ruwa na zuba daga aljihunsa. Ya gyara murya.

"To, ai kun gani. Duk shirina ne. Tun jiya na lura tsohuwar nan gwaji take so, shi ya sa na saki filafilan da gangan. Kakana ma..."

Kaka Assunta ta karɓi farantin daga cinyar Piera, ta miƙa masa, ta sa masa cokali a hannu.

"Ci, surukina," ta ce. "Cinye shi tas. Mu sami awa uku da ba za ka kusanci ruwa ba."